Kwaɗin Kunne

Ƙanena gyaran rediyo ne sana'arsa, amma ba da ita aka san shi ba. Kunne ake ce masa. Kowace damina, in ruwa ya ɗauke da yamma, sai ya rufe shago ya nufi tafkin bayan layinmu da na'urar ɗaukar sauti. Ya cire takalmi, ya wanke hannu a ruwan, ya zauna a bakin tafkin. Kukan kwaɗi yake ɗauka, ya dawo ya haɗa shi da ƙarar tsofaffin bututu da wayar birki da ya ɗaure a gwangwani. Kiɗa ne, in ji shi.

Matarsa takan ce mini, "Yaya, ka yi masa magana. Wasu sun auri mawaƙa, ni na auri kwaɗo."

Dokarsa ɗaya ce: ba ya yanke shirun farko. Tun kafin kwaɗon farko ya buɗe baki yake kunna na'ura, kuma duk mai sauraro sai ya zauna cikin wannan shirun. Ya ce wanda bai jira ba, hayaniya kawai zai ji.

Da aka ce za a cike tafkin a yi wurin ajiye motoci, ofishin filaye ya kira masu ƙorafi. Na raka Kunne, zai kunna musu kukan kwaɗin da ya ɗauka. A hanya na ce, "Ka tura sautin gaba, daidai inda kwaɗin suka fara."

"Yaya, ba haka ake yi ba."

Ɗaki ne mai fanka ɗaya, jami'in yana ta duban agogo. Kunne ya cire takalmi, ya kunna na'urar. Shiru. Wani ya yi tari, wata kujera ta yi ƙara.

Jami'in ya ce, "Baba, abin naka ya mutu ne? Kai da aka ce mai gyara ne?"

Aka kwashe da dariya. Kunne ya ɗaga hannu alamar a jira, jami'in ya kira na gaba. Muna bakin ƙofa kwaɗon farko ya yi kuka daga cikin jakarsa.

Tifofin ƙasa sun zo damina ba ta fita ba. Na tarar da Kunne cikin laka har gwiwa, yana tsintar kwaɗi yana zubawa a bokiti. Da ya cika, ya fito bakin titi ya tsaya.

Na ce, "Ina za ka kai su?"

Ya duba hagu, ya duba dama, duk siminti.

"Riƙe mini, Yaya, in ɗauko wani bokitin."