Tsanin Doña Eufemia

Doña Eufemia Archuleta ta buɗi ido ta tarar mata ne ke yaɓen tsohuwar majami'ar Katolika ta unguwarsu a Santa Fe. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango, kuma kowace shekara sai an kwaɓa laka da ciyawa an shafe shi da tafin hannu, a goge da fatar tunkiya. Tun tana budurwa take hawa tsani, har ta cika tamanin.

A bana ɗanta Anselmo ya ɓoye tsanin.

"Mama, ki zauna a inuwa," ya ce. "In kika faɗo, wa zai tattara ki?"

"Ji min yaro! Da cikinka na yaɓe hasumiyar ƙararrawa ban faɗo ba, sai yau?"

Ta ɗauki bokitinta ta durƙusa a gindin bango, inda ruwa ya fi zaizayewa, inda matasa ke gudu saboda ciwon baya. Da yamma kunya ta kama Anselmo, ya kawo tsanin da kansa.

Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Mayar da abinka. Ku hau sama a gan ku. Ni ke riƙe da ƙafafunta."