Tawadar Tanimu

A wani ƙauye da ke tsakanin Garhanga da Kaita, inda baƙaƙen duwatsu suka yi wa gonaki zobe, akwai wani tsoho da ake kira Tanimu mai tawada. Bai taɓa karanta harafi ɗaya ba. Surori uku ya iya da ka, ta ukun ma daga tsakiya yake kamo ta. Amma shekara hamsin ke nan, duk malamin da ya tsoma alƙalami a wannan kwari, cikin tawadar Tanimu ya tsoma.

Gidansu gidan azna ne. Kakansa ne ke yanka baƙin bunsuru a kan dutsi kafin ruwan farko. Ubansa ya kama salla da furfura a ka. Shi kuwa Tanimu Musulmi ya tashi, sai dai bakinsa bai gama tuba ba. Yakan jiƙa bagaruwa da ƙaro da tsohon ƙarfe, ya dafa, ya tace, har ta yi baƙi mai sheƙi kamar idon ɗan maraƙi. In baƙo ya tambayi sana'arsa sai ya ce, "Allah na da magana, malamai na da hannu, ni ad da baƙin."

Amininsa shi ne Malam Mahamud, limamin garin, wanda ya shekara tara yana rubuta Alƙur'ani da hannu, falle bayan falle, Tanimu na zaune gefe yana cika masa kurtu yana damunsa da surutu. Da Malam ya rasu, littafin ya zauna a masallaci cikin gafakarsa ta jar fata. Limanci ya koma hannun ɗansa Saifullahi, wanda ya dawo daga karatu da kwalin bugaggun Alƙur'anai masu ruwan zinariya a gefe.

Bakin Tanimu ne ya jawo rigimar. Ranar wani suna a gidan maƙeri, wani ya yaba yadda rubutun marigayi bai koɗe ba har yau. Tanimu ya sha fura ya ƙoshi, sai ya gyara zama.

"Ƙaron na. Ba irin na kasuwar Buza ba, mai ƙasa. Na itacen kan dutsi nika ɗebowa. Ba mai taɓa su, kowa tsoro, shi ya sa ƙaronsu kamar dunƙulen hannu."

Kowa a zauren ya san itatuwan nan, kowa ya san jinin da gindinsu ya sha. Kafin la'asar magana ta kai kunnen Liman Saifullahi, kafin magariba ya yanke hukunci: ranar Juma'a bayan salla za a naɗe littafin a farin ƙyalle a binne shi a gefen maƙabarta.

Kwana uku Tanimu bai ci tuwon kirki ba. Abin da ya rage masa na Mahamud ke nan a duniya, kuma shi ya gina masa rami da harshensa. Matarsa Kaltuma ta ɗauke akushi ta ce, "Tsoho, bakin da yay yi ɓarnar yana nan. Tahi da shi masallaci, ko ya yi amfani sau guda."

Ranar Juma'a, ana sallamewa, Liman ya ɗauko gafakar, ladan ya shimfiɗa ƙyalle. Tanimu ya taso daga sahun baya yana jan ƙafa.

"Liman, ɗana, in yi tambaya irin ta jahili?"

"Yi, Baba."

"Abin da ke cikin gafakar ga, maganar wa ta?"

"Maganar Allah ta."

"Da ta cikin naka mai zinariya, ɗaya?"

"Ɗaya. Ko ɗigo bai sake ba."

"To naka, wa yad dama mishi tawada? Ka san shi? Yana salla? Ka ga alwallatai?"

Wani ya yi dariya a baya, ya mayar da ita tari. Liman ya haɗe gira.

"Baba, ba a wasa da wanga al'amari."

"Ba wasa nikai ba. In maganar Allah ta, ƙaron icce bai isa ya ɓata ta ba. Bunsurun kakana ma bai isa ba, shi da anka cinye tun zamanin Nasara. In kau ƙaro ya ɓata ta, ashe aikin mutane na, ni da ubanka. Ubanka ya tahi. Ba ni kayana."

Saifullahi ba jahili ba ne, ya yi karatu na gaske. Ya yi bayani a hankali cewa maganar Allah ba halitta ba ce, ba ta tsufa, ba ta ɓaci, amma takarda da tawada halittu ne kamar kowa. Tanimu ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai.

"Madalla da ilimi. To maganar ka riƙe, ba ni hana ka. Takarda da tawada za ka biznewa ke nan. Takardar, ubanka yas sawo ta Madawa bisa jaki, tawadar kau tawa ta. Wane laihi sunka yi maka?"

Liman ya dubi dattawa, dattawa suka dubi tabarma. Ya dubi gafakar, inda gumin tafin ubansa ya baƙanta fatar wajen maɗauri, ya daɗe yana dubawa. Daga nan ya ce wa ladan ya naɗe ƙyallensa. A masallaci dai littafin ba zai zauna ba, in ji shi, amma ba zai hana dattijo ajiya ba. Ya miƙo da hannu biyu, sai kuma ya dakata.

"Baba, kana da alwalla?"

"Tun hantsi nike riƙon ta. Yi sauri."

Da yamma Kaltuma, wadda ke zuwa makarantar matan aure shekara huɗu, ta shimfiɗa buzu a inuwar rumbu ta buɗe littafin. Tana bin baƙi da yatsa, tana tuntuɓe tana tashi. Tanimu ya leƙo ta kafaɗarta.

"Nan shekarar da ruwa yaɗ ɗauke ta. Kin ga tawadar ta yi ja? Itacen sun ƙi zubda ƙaro." Ta juya falle, ta juya wani. "Nan kau an haihi Saifullahi. Dubi hannun Malam, rawa shikai. Nan mun yi faɗa da shi, wata biyu ya sayi tawadar wani Ba'abzine, dubi yadda ta zube kamar ruwan kanwa."

"Tsoho, yi shiru, karatun Allah akai."

"Karanta nashi, ina karanta namu."

Kaltuma ta harare shi. Sannan ta matsa kaɗan a kan buzun, ta karkato fallen yadda haske zai ishe su su biyu.