Goggo Kwai da Filayen Waɗanda Suka Tafi

Ba ta zama. Ko shayi a tsaye take sha. Gari na wayewa Goggo Kwai za ta kifa malafarta mai baƙin labule, ta saɓa sanda da bokiti biyu, ta gangara fadamar ƙauyenmu da ke bayan Yuen Long. Haka take har yau, gwiwa na ƙara tana yi mata faɗa.

Shekarun da Ingila ke shirin miƙa Hong Kong ga Sin, babu mai kwanciyar hankali a cikinmu. Filayen ganyenmu na gwamnati ne, haya muke shekara-shekara, kuma wanda aka tarar ba a nomawa, an karɓe ke nan. Ga mutane sai ficewa suke, wannan Kanada, wancan Landan, kowa yana tsoron tafiya yana tsoron zama.

Maƙwabcinta Fuk-sang ne ya fara zuwa, akwati a hannu ɗaya, bokitin ban ruwansa a ɗayan.

"Yaya Kwai, ki duba min filina. In ƙura ta lafa zan dawo."

"Matsoracin banza. Ajiye bokitin ka wuce kafin jirgi ya bar ka."

Daga nan duk mai tafiya sai ya biyo ta ƙofarta. Ta zage shi, ta karɓa. Mun gan ta da idonmu tana ban ruwa a nan, tana cire ciyawa a can, kwanon shinkafarta na hucewa a bakin kunya.

Ranar da ma'aikacin filaye ya zo duba na ƙarshe kafin a sauya tuta, ita ta zagaya da shi.

"Goggo, wannan na wa?"

"Na Fuk-sang. Ya ɗan fita."

"Wancan fa?"

"Shi ma ya ɗan fita."

Bawan Allah ya yi murmushi ya wuce, don ga kabeji ga albasa sun yi shar. Sai suka iso wani fili da ciyawa ta kai ƙugu. Ya tambayi na wa ne.

"Nawa ne."

Filin da marigayi mijinta ya share da hannunsa ke nan. Ba ta sami lokacinsa ba. Shi kaɗai aka karɓe a duk fadamar, kuma wallahi har yau abin yana cina.

Ke ce uwar fadama, Goggo. Fuk-sang ya dawo ya tarar da nasa, ya ce ku raba, kika ce wa ya tambaye shi. Waɗanda ba su dawo ba kuwa, har gobe kina shayar musu. Mun gode, ko da kin hana mu faɗa.

Ku kuma matasa, gobe da safe ku je ku karɓi bokiti ɗaya. Za ta zage ku, ku daure. In ta ɗauki doguwar hanya, ku bi ta kawai, kada ku nuna mata gajerar. Doguwar ce take wucewa ta gefen tsohon filinta, inda yanzu ake ajiye manyan motoci.