Ɗakin da Na Gina wa Tumatir

Shekarun baya, lokacin da wayar salula ta fara yawa a hannun mutanen Jos, na dawo gidanmu da zama bayan rasuwar mijina. A bayan gidan akwai wani ɗan fili inda marigayi mahaifinmu yake shuka kayan miya. Yayana, mahauci ne a Abattoir, ya riga ya sa wa filin ido, raguna yake so ya ɗaure. Ni kuma na ce lambu zan yi, don ban dawo gidan ubana in zauna kamar baƙuwa ba.

A Rayfield na ga abin, gidan wata mata da nake kai wa ɗinki: ɗan ɗaki na katako lulluɓe da farar leda, ga tumatir a ciki ja wur a tsakiyar damina. Kowa ya san daminar Jos ba ta raga wa tumatir. In ruwa bai ruɓar da shi ba, ƙanƙara ta farfasa shi.

Da na faɗa a gida, yayana ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ke, mutane na neman ɗakin kwana, ke tumatir za ki gina wa ɗaki?"

Mahaifiyata ce ta raba gardama. Ta ce, "A bar mata daminar bana. In ta ciro min tumatir na yi miya, fili nata ne. In ta kasa, ka kawo ragunanka."

Na tafi wurin kafinta na zana masa abin a takarda. Ko duba takardar bai yi ba, ya ce, "Madam, ki turo oga mu yi magana." Na ce oga ya riga mu gidan gaskiya, ni ce ogan yanzu. Na naɗe takardata, na wuce na sayo katako da ƙusa, na ari zarto da guduma.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na sha wuya. Hannun da ya saba da almakashi bai san zarto ba. Na maka wa babban yatsana guduma har farcen ya yi baƙi ya fita. Matan maƙwabta suna leƙowa ta katanga, "Sannu da aiki, kafinta!" Ina amsawa da fara'ar dole, ina ci gaba da aikina. Na shafe ƙafafun katakon da baƙin mai saboda gara, na kafa su, na ja leda. Ɗakin ya ɗan karkace, ƙofar ma sai an ɗaga ta take rufuwa, amma ya tsaya.

Daga nan na tafka wautar da har yau nake jin kunyarta. Mu mutanen Jos sanyi ne abokin gabarmu, tun muna yara ake cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Haka na yi wa tumatir ɗin da na dasa a ɗakin. Duk wata kafa na bi na toshe, ina ganin gata nake yi masa. Kwanakin da ake hadari shuka ta yi kyau. Ranar da rana ta buɗe sosai ina gidan suna a Gangare. Da na dawo da la'asar na buɗe ƙofa, wani zafi ya buge ni kamar gidan burodi. Shukar duk ta kwanta, ta dahu.

Na yi kuka, amma a cikin ɗakin na yi shi, don kada kowa ya gani.

Washegari sai ga yayana da turaku a kafaɗa, har ya fara kafawa. Na jawo kujera na zauna a bakin ƙofar, guduma a cinyata. Na ce, "Yaya, damina ta ƙare ne?" Ya ce taurin kai ne zai kashe ni. Na ce a gida na gaje shi. Ya bar turakun a kafe ya tafi, wai don in riƙa ganinsu.

Wata tsohuwa 'yar Birom da ke kawo mana ganye daga gonarta ita ta cece ni. Ta leƙa ɗakin, ta fito tana fifita da gefen zane. "Kai, mama, ka rufe shi kamar gawa! Tumatir ma yana numfashi. Buɗe masa taga."

Nan sana'ata ta yi rana. Na yanka tagogi a ledar da almakashina, na ɗinke su da tsohon gidan sauro. Tsohuwar ta ba ni sabon dashe, na sake daga farko. Kullum da hantsi in ɗage leda, da yamma in sauke. Da aka yi ƙanƙara ina tsaye a ciki, ina jin ta tana dukan leda, ko ganye ɗaya bai karye ba.

Damina na shirin ɗaukewa na ajiye wa mahaifiyata ƙaramin kwano. Tumatir ɗin ƙanana ne, wasu ma sun tsage. Ta yi miya, ta aika aka kira yayana. Ya ci ya ce ta yi tsami, sannan ya miƙa kwano a ƙara masa. Da ya wanke hannu ya zagaya baya ya tumɓuke turakunsa.

Na koyi cewa gata in ya yi yawa yana kisa, wannan kam tumatir ne ya koya min. Amma in na tuna, ba darasin ne yake min daɗi ba. A lokacin, bazawarar da ta dawo gida ba a tambayar ta ra'ayi, sai dai ta ji an yanke. Tun daga miyar nan, in za a yi wata magana a kan gidanmu, yayana da kansa yake cewa a dakata sai na zo.