Wa Zai Duba Min Fitilar Birki?

Ga ni durƙushe a ƙofar gida a unguwarmu ta Poumpoumré, ina ƙoƙarin tokare birkin motata da guntun katako, don in ruga baya in ga ko fitila ta kama. Jiya jandarma ya tsare ni a hanyar Banyo, ya ce fitilun birkina a mace suke, in ya sake gani sai ya ajiye motar.

Na canza ƙwan fitila, na duba fis. Amma da na saki katakon sai ya zame. Gwauro ne ni, ba mai taka min, ba mai duba min.

Kamar da gayya, sai maƙwabcina Malam Hamadu ya fito da tsohuwar akwalarsa, irin matsalata ke damunsa. Matarsa Asta ta tsaya a baya, hannunta duk kumfar wanki.

"Na taka! Ta kama?"

"Ta hagu ta kama, Malam. Ta dama tana fushi, irin naka na safe."

Suka tuntsire da dariya.

Na koma kan katakona. Motata ta fi tasa sau goma, amma ni katako nake lallashi.

Da suka gama ya ce, "Asta, taimaka wa maƙwabci mana." Na ce a'a, tawa ta gyaru. Ƙarya nake, har yanzu ban sani ba.

Ku fa, in kun taka birki, wa ke tsaya muku a baya?