Yadda Na Sayar Wa Modu Da Ƙarya

Ni ɗan Nguru ne, a bayan tashar jirgin ƙasa na tashi. Kafin in lalace adaidaita nake ja, ina jigilar 'yan kasuwar kifi, kuma ban taɓa kwana da haƙƙin kowa ba. Da haya ta yi ƙasa sai na koma Gashua, ɗaliban jami'a suka zama fasinjojina.

Hirarsu ce ta fara ɗaure mini kai. Ni da ban wuce firamare ba, a zatona duk wanda ya shiga jami'a ya yi sallama da damuwa. Sai ga su a bayana, wannan na cewa tun jiya bai sa komai a ciki ba, wancan na cewa in ya sake faɗuwa jarrabawa bai san da wace fuska zai shiga gida ba. Na riƙa kasa kunne ina mamaki.

Da wasa abin ya fara. Wata ɗaliba tana kuka, na ce mata ina da mutum a ofishin jarrabawa. Wallahi ban san kowa ba. Ta ba ni na goro, ta kuma ci da ƙoƙarinta, ta baza labari. Daga nan na zama mai hanya. Wanda ya ci, aikina ne. Wanda ya faɗi, in ce an yi wa mutumina canjin ofis.

A haka Modu ya same ni. Saurayi ne shiru-shiru daga wani ƙauye kusa da Jajimaji, shi kaɗai ne ya taɓa kaiwa jami'a a danginsu. Ya ce, "Yaya, saura ƙiris a kore ni. Ka rufa mini asiri." Na ce ya je ya yi barcinsa. Ya sayar da wayarsa ya kawo mini, har ya aika gida cewa komai ya daidaita.

Da sakamako ya fito, an kore shi. Bayan 'yan kwanaki na ji Modu ya yi yunƙurin hallaka kansa, Allah ya sa abokin ɗakinsa ya dawo da wuri aka kai shi asibiti. Abokin nan ne ya kai ƙarata. Sauran waɗanda na cuta suka fito, alƙali ya tura ni gidan yari.

A can tambaya ɗaya ta hana ni sakat. Ni da aka kulle ina son raina, me zai sa yaro mai lafiya, mai iyaye, ya gaji da nasa? Kora daga makaranta kaɗai?

Da na fito na nemi ƙauyen su Modu. Na tarar da shi yana ba shanu ruwa. Na nemi gafara, sannan na tambaye shi.

Ya ajiye bokitin ruwan. Can ya ce, "Naka ne na ƙarshe, amma ba shi kaɗai ba ne. Baba ya sayar da bijiminsa don karatuna. Tun shekarar farko mutanen garin nan injiniya suke kirana, alhali ban fahimci komai a aji ba. Barci ya ƙaurace mini, na daina zama da mutane. Na taɓa gwada faɗa wa wani, ya ce ƙarancin imani ne. Daga nan na yi shiru."

Na ce, to Baba fa, da ya ji?

Ya ce, "Ya zo asibiti ya riƙe hannuna, ya ce, 'Modu, bijimi ana sake haifarsa.' Shekara biyu ina tsoron fushin da babu shi."

Ya yafe mini. Mahaifinsa bai yafe ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Yanzu na tuba, ina dako a kasuwar hatsi ta Nguru. Ƙannena, ku guji cin abinci da tsoron mutane, ƙarshensa abin da na gani ne. Ku kuma ɗalibai, duk wanda ya ce zai gyara muku sakamako irina ne. In abu ya fi ƙarfinku ku faɗa a gida, ko ku ga likita. In abokinku ya yi shiru fiye da yadda kuka saba, ku zauna kusa da shi, ku tambaye shi, ku jira amsa.