Malamin da Ya Jira Na Gama Magana

Jiya na bi ta bayan firamaren Kwandiko, na ji yara suna ta amsa karatu baki ɗaya. Sai na tuna malaminmu na aji uku, zamanin da gwamnati ta kwashe mu ta zuba a boko. Shi ba ya son amshi, sai ka yi tunani. Ko daidai ka faɗa sai ya ce, "To, ta yaya ka sani?"

Wata rana ya shigo da ƙorai biyu masu huji, ɗaya da yashi, ɗaya da lakar fadama. Ya zuba musu ruwa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ajin. Sai ya nuna ni, ni da i'ina ta hana ni ɗaga hannu.

"Ɗan Fulani, a wacce za ka shuka gero?"

Yara suka fara dariya. Ya ce, "Ku yi shiru, tunani yake." Ya jingina da allo, ruwa yana ɗiga. Da ƙyar na ce yashi, don na ga geron Baba ya ruɓe a kwari.

Da damina ta faɗi Baba ya mai da ni kiwo. Malam ya tuƙo keke har gidanmu yana roƙo a mai da ni makaranta, Baba ya ƙi.

Yau ga furfura, kuma har yanzu mutane ƙarasa mini magana suke yi. Rasuwar Malam ma sai bayan arba'in na ji. Allah ya sanyaya makwancinsa, ya sauƙaƙa masa tambayar kabari.